Daga Halwa Zuwa Asibiti: Yadda Mutanen Ƙasar Gumel Suka Yi Jinyar Zuciya

A 'yan shekarun nan, duk mai sauraron shirye-shiryen lafiya a rediyo ko a wayar hannu ya sha jin ana cewa idan damuwa ta yi wa mutum yawa, to ya samu wuri ya zauna shiru, ya rufe ido, ya sa hankalinsa a kan numfashinsa yana shiga yana fita, in tunani ya ɗauke shi ya lallaɓo ya dawo ba tare da ya tsangwami kansa ba. Wannan tsari yana da nasa tarihin. Wani masani Ba'amurke mai suna Jon Kabat-Zinn ne ya shigar da shi asibiti a shekarar 1979 a jami'ar Massachusetts, bayan ya ɗauko shi daga irin zaman tsit na mabiya addinin Budda, ya tuɓe masa rigar addini, ya mai da shi darasin mako takwas ga masu fama da ciwon da ya ƙi jin magani. Daga baya masana a Ingila da Kanada suka gwada shi a kan masu ciwon damuwa mai tafiya yana dawowa, suka ga yana rage dawowarsa ga waɗanda ya taɓa kayarwa sau uku ko fiye.

Ni ban raina wannan aiki ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda ake kawo mana zancen, kai ka ce mu ba mu taɓa sanin zuciya tana ciwo ba sai da aka zo aka gaya mana. Shi ya sa na ga ya dace in waiwayi ƙasarmu ta Lautai, wato masarautar Gumel, wadda a yau ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, mu ga da me kakanninmu suke kwantar da hankali, mene ne ya yi musu aiki, kuma a ina abin ya gaza.

Sai mai karatu ya fara sanin irin ƙasar da muke magana a kai. Gumel ƙasar bakin iyaka ce tun fil'azal. Mangawa ne suka kafa sarautarta a tsakiyar ƙarni na 18, ta yi mubaya'a ga Borno, kuma da jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ci ƙasashen Hausa a farkon ƙarni na 19, ita ba ta shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba. Wannan ya bar ta a tsakiyar manya: Kano a kudu maso yamma, Haɗeja a kudu maso gabas, Damagaram a arewa, ga kuma uban gida Borno can gabas mai nisa, wanda kafin taimakonsa ya iso an riga an yi ɓarna. A zamanin Sarki Muhammadu Ɗan Tanoma aka dawo da fada daga Tumbi zuwa inda garin yake yanzu. Bature matafiyin nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya sauka a Gumel a watan Maris na 1851, ya tarar da gari cike da fatake, kasuwar kanwa tana ci. Da ya sake biyowa a ƙarshen 1854, bayan rasuwar Ɗan Tanoma da rikicin gadon sarauta da ya biyo baya, sai ya tarar gari ya zama kamar kufai. Shekara uku da 'yan watanni ke nan tsakani. Yaƙi da Haɗeja bai lafa ba sai wajen 1872, kuma hare-haren kamun bayi daga Damagaram suka ci gaba da kwashe mutane har ƙarshen ƙarnin.

Da Sarki Ahmadu ya miƙa wuya ga Turawan Ingila a 1903 aka huta da mahara, amma ba a huta da sama ba. Ingila da Faransa suka ja layi suka bar Tumbi a ɓangaren Nijar, dangi suka wayi gari a ƙasa biyu. Sai yunwar 1913 zuwa 1914 da ake kira Kakalaba, sai farin 1973, sai na 1984. Ka ƙiyasta a ranka matar da aka kama ɗanta a gona ba ta san ko yana Damagaram ko an haye Sahara da shi ba, ba gawa balle a yi makoki a dangana. Ko magidancin da ya buɗe rumbu a tsakiyar bazara ya ga ƙasansa. Mutanen da suka rayu a haka ba za a ce ba su san firgici da rashin barci da ƙuncin rai ba. Dole suna da abin da suke riƙewa.

Abu na farko daga gabas ya zo. Tun da alaƙarmu da Borno ce, karatunmu ma na Borno ne: tsangaya, allo da tawada, gardawa da alarammomi. A cikin wannan tsari akwai abin da ake kira kiskadi, inda gardi zai bar gari ya kafa bukka a daji, ba abin da yake yi sai tilawa, dare da rana. Akwai kuma halwa, inda malami zai shiga ɗaki shi kaɗai kwana uku, ko bakwai, ko arba'in, ya rage ci da barci da magana, yana jan wani suna daga cikin sunayen Allah da adadi sananne. Wannan na malamai ne. Talaka kuwa abin da ya sani shi ne rubutun sha da tofi. In zuciya ta ƙi kwanciya, ya je wurin malam, a rubuta masa Alam Nashraha ko Walluha ko Falaƙi da Nasi a allo, a wanke ya sha.

'Yan boko sukan yi wa rubutu dariya, su ce ruwan gawayi da ƙaro ne. Ban zo in yi musu da su a kan abin da ke cikin ƙoƙon ba, amma su dubi abin da ke kewaye da shi. Kafin a kai ga allo, mutum ya zauna a zaure a kan buzu ko tabarma, an gaisa gaisuwa mai tsawo, malam ya ce, "To, me ke tafe da kai?" Ya buɗe cikinsa ga wanda ba zai kai zancen majalisa ba. An ce masa ya dawo gobe, ya dawo jibi, har kwana bakwai. An ba shi abin da zai riƙa karantawa bayan Asuba da kafin ya kwanta. Wato an saurare shi, an ba ranarsa tsari, an kuma sa masa ranar da wani yake jiransa. Duk likitan ƙwaƙwalwa ya san darajar waɗannan ukun.

Kuma abin da ya fi burge ni, magabata sun san wannan magani yana da kaifi. Ba a shiga halwa sai da izini, ba a jan wuridi mai nauyi sai da malami a kai, domin an sha ganin wanda ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa ya fito yana sambatu, a ce wuridi ya taɓa shi. Masu bincike a Amurka ma sun rubuta cewa zaman tsit mai tsawo yakan rikita wasu mutane. Alarammomin Gumel da Maigatari sun daɗe da sanin haka.

A gefen malamai akwai bori, kuma ba zan tsallake shi don kunya ba, tarihi ne. Galibi mata ne suka riƙe shi, su da waɗanda zauren malam bai cika yi musu daɗin shiga ba. Hikimarsa daban ce: ba korar abin da ke damunka ake yi ba, sulhu ake yi da shi. A yi girka, a kaɗa garaya ko goge da ƙwarya, a gano ko Inna ce, ko Sarkin Rafi, ko Ɗan Galadima, a san abin da yake so da abin da ya ƙi, mai ciwo ta zauna da shi har ƙarshen ranta, ta kuma samu ƙungiyar da ta san halin da take ciki. Malamai sun yaƙe shi, Turawa sun takura masa, da Jigawa ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000 ya ƙara shigewa ƙurya. Gurbinsa ruƙiyya ta cike, wadda ta yi tashe tun tsakiyar shekarun 1990 lokacin da aka yi ta fama da faɗuwar 'yan mata a makarantun sakandare na Kano. Ita ruƙiyya fitar da aljani take yi, ba ta zama da shi.

Amma in ana maganar abin da ya shiga kowane lungu ya zama abincin yau da gobe, to ɗariƙa ce. Ƙadiriyya ta Shehu Abdulƙadir Jilani, wanda ya rasu a Bagadaza a 1166, ta daɗe a ƙasar nan. Tijjaniyya ta Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a Fas a 1815, ta shigo a ƙarni na 19, amma ba ta zama ta kowa da kowa ba sai bayan da Sarkin Kano Abdullahi Bayero ya haɗu da Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha a aikin Hajjin 1937, Shehun kuma ya riƙa ziyartar Kano. Lokacin kuwa ya yi daidai da buɗewar hanya. Layin dogo daga Kano zuwa Nguru, wanda aka kammala a 1930, ya ratsa ta Gagarawa, gyaɗa tana fita, 'yan cin rani da almajirai da fatake suna kai da komo. Wanda ya tafi Kano neman kuɗi yakan dawo da carbi da izinin muƙaddami.

Bari in ɗan tsaya a kan yadda wuridin yake, don a nan zancen yake. Batijjane yana da lazimi safe da yamma: istigfari 100, salatin Annabi 100, hailala 100. Yana zaune da alwala, ya fuskanci alƙibla, ba ya magana da kowa har ya gama. Sannan akwai wazifa sau ɗaya a rana, wadda aka fi so a yi cikin jam'i: istigfari 30, Salatul Fatihi 50, hailala 100, Jauharatul Kamali 12, a zagaye farin ƙyalle. Ranar Juma'a bayan La'asar kuma a taru a yi ta hailala har rana ta faɗi. A ɓangaren Ƙadirawa, Shehu Nasiru Kabara na Kano, wanda ya rasu a 1996, ya yaɗa zikiri da bandiri, da kuma zikirin anfasu, wanda sunansa ma daga numfashi aka samo shi, domin da shigar numfashi da fitarsa ake yin sa, ƙirji yana amsawa, sahu guda kamar mutum ɗaya.

To ka gani, zama wuri ɗaya, lokaci sananne, kalma guda ana maimaitawa, yatsa yana bin ƙwayar carbi, in hankali ya tafi kasuwa ƙidaya ta jawo shi. Kamar da ke tsakanin wannan da darasin Massachusetts a fili take. Sai dai kada a yi saurin cewa abu ɗaya ne. Mai lazimi ba don ya ji sanyi a ransa yake yi ba, don Allah yake yi, sanyin rai kuwa gyara ne da aka ɗora masa a kan mudu. Na biyu, wanda a ganina ya fi muhimmanci ga tarihinmu, shi ba shi kaɗai yake yi ba. In mutum ya yi kwana biyu ba a gan shi a wazifa ba, bayan Isha'i za a yi sallama a ƙofar gidansa. Na san wani ƙanen mahaifina, dillalin shanu a kasuwar Alhamis ta Maigatari, da aka gudu da kuɗin mutane a hannunsa, ya shige ɗaki ya daina cin abinci. Abokan zawiyyarsa ba su yi masa wa'azi ba. Tabarmarsu kawai suka ɗauko suka dawo da wazifa zaurensa. Rana ta farko bai fito ba, ta biyu ma haka. Da aka yi kwanaki yana jin muryoyinsu ta bayan katanga, sai ga shi ya fito ya zauna a ƙarshen sahu. Babbansu bai ce masa komai ba sai, "Alhaji, matso ciki mana, akwai wuri." Bashin kuwa sai da ya shekara biyu yana biya.

Da aka kafa Izala a Jos a 1978 ƙarƙashin Shehu Isma'ila Idris, da goyon bayan karatun Shehu Abubakar Gumi, sai gardama ta shigo har cikin gidaje. Aka ce wuridin ɗariƙa bidi'a ne, aka raba masallatai, wa da ƙane suka daina bin juna salla. Ba hurumina ba ne in yanke hukunci, malamai suna nan. Abin da na lura kawai shi ne waɗanda suka ajiye lazimi ba su zauna hannu rabbana ba, sun koma azkar na safe da yamma, ɗan littafin Hisnul Muslim ya shiga aljihun kowa, ƙidaya ta tashi daga carbi ta koma gaɓoɓin yatsu. Zikiri bai mutu ba. Abin da ya ragu shi ne zagayen nan da ake zama gwiwa da gwiwa, wanda in babu kai ake ganin gurbinka.

Mata fa? Su ba su cika zuwa zawiyya ba, amma al'ada ta yi musu nata tanadin: goyon ciki a gidan iyaye, kwana arba'in na jego da tsohuwa a kusa, zaman makoki da ba a barin mai rashi ita kaɗai, takaba ta wata huɗu da kwana goma, ga ƙawa da ake yi wa kuka ba a ji a waje ba. Tun a 1839 Nana Asma'u 'yar Shehu ta rubuta Tabshirul Ikhwan a kan neman waraka da surorin Alƙur'ani, kuma damuwa da tsoro da wahalar haihuwa suna cikin abubuwan da ta kula da su. Sai dai a kan mata ne kuma babban maganinmu ya fi nuna ɗacinsa, wato haƙuri. Mun ce shi ne maganin zaman duniya, mun ce mai shi yakan dafa dutse. Gaskiya ne, amma kalmar tana da fuska biyu. Akwai haƙurin da mutum yake samu bayan ya faɗi abin da ke ransa an ji, akwai kuma "yi haƙuri" da ake toshe baki da shi tun ba a gama magana ba. Na taɓa tambayar gwaggona, wadda ta binne 'ya'ya uku a shekarun fari, ko ta yi kuka. Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, a gaban wa? Na fari ko sunansa ba na faɗa yana raye, sai ya mutu zan yi masa kururuwa?" Ta ce sai dare ya raba take fita bayan ɗaki da carbinta. Ta rayu, ta tsufa, amma har ta koma ga Allah ba ta yin barcin kirki, kullum tana cewa ƙirjinta yana mata zafi, ana ba ta kanwa da jiƙo. Allah Ya jiƙanta.

Inda tsarin gaba ɗaya ya durƙushe shi ne idan abu ya wuce damuwa ya zama taɓin hankali. A nan zaure da zawiyya ba su da amsa, sai turu da mari. A ɗaure mutum a gungume a bayan gida, ko a kai shi wurin mai magani a yi ta hayaƙi da bulala da sunan ana dukan aljani. Macen da ta ruɗe bayan haihuwa, da mai farfaɗiya, da saurayin da ƙwaya ta juya, duk kudinsu ɗaya. Gwamnati ma ba ta yi abin kirki ba. Dokar mahaukata ta Turawa ta 1916, wadda aka sabunta a 1958, ta tsarewa ce ba ta jinya ba. Alhali tun 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya nuna wata hanya a Aro ta Abekuta, inda ya zaunar da marasa lafiya a gidajen ƙauyawa tare da danginsu, ya kuma yi aiki da masu maganin gargajiya. Wannan dabara da ta fi kama da halinmu ba ta iso mana ba. Sai a 2019, da 'yan sanda suka fasa gidajen mari a Rigasa ta Kaduna da kuma Daura, duniya ta ga sarƙa a ƙafafun yara da manya, aka yi ta salati kamar ba a san da su ba.

Matasanmu kuwa sun samo nasu carbin a kwalba. Kafin gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin a watan Mayu na 2018, Kano da Jigawa ne ake ambata kan gaba wajen shan sa, har da matan aure a cikin ɗaki. In ka tambayi mai sha, ba zai ce maka daɗi yake nema ba, cewa zai yi yana so kansa ya yi shiru. Dalilan hayaniyar kan kuwa ba ɓoyayyu ba ne a garin da ke ci daga iyaka. An rufe iyakar Maigatari daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na 2023 har zuwa Maris na 2024. Kowace rufewa tana nufin dillali da ɗan dako da mai tura kura da mai sayar da abinci sun wayi gari ba abin yi, ga iyali suna kallonsu.

A watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma ba mara lafiya haƙƙin a nemi yardarsa, a kuma daina wulaƙanta shi. Amma likitocin wannan fanni a Nijeriya duka ba su kai 300 ba, kamar yadda ƙungiyarsu ta sha faɗa, ga mutane sama da miliyan 200. Mutumin ƙauyen Sule Tankarkar da ɗansa ya fara magana shi kaɗai, in asibitin ƙwaƙwalwa yake so, sai ya nemi kuɗin mota zuwa Kazaure ko Dawanau ta Kano, da na wanda zai riƙe yaron a hanya, da na magani wata bayan wata. Zauren malam kuwa taku kaɗan ne daga gidansa, kuma can zai fara zuwa. A cikin malaman akwai waɗanda yanzu in sun yi tofi suka ga yaro ya kwana uku bai runtsa ba, sukan ce wa uban, "Malam, ga rubutu nan a ci gaba da ba shi, amma gobe da sassafe ku kama hanyar Kazaure." Akwai kuma waɗanda har yau sarƙa tana nan a ɗakin baya.